Lauyan Hatsi da Buhunan da Hukuma ta Riƙe

Ƙasar Zuru ƙasar noma ce tun fil azal. Duk wanda ya san golmo, al'adar Dakarkari wadda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, ba sai an gaya masa matsayin dawa a wannan yanki ba. Uhola ma, babban bikin ƙasar, na godiya ne a kan amfanin gona. Da kaka ta kama, kasuwannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, sai su cika da dawa da masara da gero da wake, 'yan dako na ɗorawa, dillalai na ƙirgawa, manyan motoci na jiran lodi. Daga nan kaya kan bi ta Rijau su faɗa Kontagora a Jihar Neja, ko su bi ta Mahuta zuwa Koko, ko su yi arewa ta Daki Takwas. Kowace hanya da shingayenta, kuma a kowane shinge akwai mai kaki da zai iya cewa direba ya sauka gefen titi.

A farkon 2024 fataken hatsi sun ga abin da ba za su manta ba. Tsadar abinci ta sa tura ta kai bango, mata da matasa suka tare hanya a Minna cikin watan Fabrairu. Gwamna Umaru Bago ya hana sayen abinci da yawa a kasuwannin ƙauyukan Jihar Neja, ya kuma ce an ba jami'an tsaro damar ƙwace motar da aka kama a raba wa jama'a abin da ke ciki. A Kano, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta garƙame wasu sito-sito a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Kwastan kuma suka shiga tare motocin hatsi da suke zargin za su ƙetare iyaka, a lokacin da iyakarmu da Nijar take rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sai a watan Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a mayar wa masu hatsi kayansu, bisa sharaɗin a sayar a kasuwannin cikin gida, shugaban kwastan Bashir Adewale Adeniyi ya sanar da haka a Jihar Katsina. Mutane sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Amma wannan afuwa ce daga sama, afuwa kuwa ba kullum take sauka ba. Ranar da ba ta sauka ba, falke ba shi da wanda zai dogara da shi bayan Allah sai mutumin da ya iya karɓo kaya daga hannun hukuma ta hanyar doka.

Wannan mutumin ba ya cikin lauyoyin da ake gani a talabijin suna shari'ar zaɓe. Sau da yawa ofishinsa ɗaki biyu ne a kan titi, ya san farashin tiya a wannan makon, ya san bambancin dawa kaura da farfara, kuma direbobi na da lambar wayarsa. A ganina aikinsa na cikin mafiya wuya a harkar lauya, domin shari'ar fili tana iya jira shekara goma filin na nan, hatsi kuwa ba ya jira.

Falke zai shigo a firgice, ya ce, "Barista, sun riƙe mini mota, dukiyar mutane ce a ciki." Gwani ba ya fara da alkawari. Yadda mai ɗori ke laluben inda ƙashi ya goce kafin ya ja, haka yake laluben maganar. "Alhaji, zauna tukuna. Su wa suka kama? Sun ba ka takarda? Ran nawa ga wata? Me da me ke cikin motar?" Mai kaya kan ga kamar ana ɓata masa lokaci, alhali duk shari'ar tana cikin amsar waɗannan tambayoyi.

Ɗauki ta ƙarshen. Dokar hana fitar da kaya ta 1989, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa, ita ce kwastan suka riƙa ambata a 2024, kuma hukuncinta ba na wasa ba ne, ɗaurin rai da rai. Amma a ƙarshenta akwai jadawali da ya kira kayan da sunansu: wake, rogo, masara, shinkafa, doya, da abin da aka sarrafa daga gare su, sai kuma abincin da aka shigo da shi daga waje. Babu dawa a ciki, babu gero. Ga mutumin Zuru, wanda dawa ce uwar nomansa, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Lauyan da ya karanta doka har jadawalinta zai tsaya gaban alƙali ya ce, "Ya Mai Shari'a, a nuna mana inda aka rubuta dawa." In wata takarda ce daban suka dogara da ita, to su fito da ita kotu ta gani. Sannan abin da dokar ta hana shi ne fitar da kaya daga Najeriya ko yunƙurin fitarwa. Ɗaukar masara daga Bena zuwa Kontagora ba fitarwa ba ce, ko da buhu dubu ne.

Haka yake a batun ɓoye kaya. Dokar ƙayyade farashi ta 1977, ta zamanin Janar Olusegun Obasanjo, ita ce ta mai da ɓoye kayan masarufi laifi, ita ma kuma da nata jadawalin: fulawa, madara, gishiri, sukari, ashana, man fetur da danginsa, kekuna da babura da motoci da kayan gyaransu. Jerin nan ne lauya Femi Falana ya kai gaban Babbar Kotun Tarayya a Legas, inda a Fabrairun 2024 Mai Shari'a Ambrose Lewis-Allagoa ya umarci gwamnati ta ƙayyade farashinsu cikin kwana bakwai. Duba jerin da kyau, ba za ka ga hatsin da manomi ya casa ba. Mutum na iya jin haushin mai sito, kuma wani lokaci haushin na kan hanya, amma haushi daban, laifin da doka ta rubuta daban.

A nan ne tushen sana'ar yake. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a fayyace shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Kotuna sun tsaya a kan wannan tun 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, inda aka soke hukuncin wata kotun gargajiya a tsohuwar Jihar Yamma saboda laifin da aka kama wata mata da shi ba ya cikin wata doka rubutacciya. Sashe na 44 kuma ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tsara. Gwani ya san sashen ya bar wa hukuma ƙofa: an yarda ta riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike, an yarda a ƙwace kaya a matsayin horo idan an karya doka. Saboda haka ba ya ɓata bakinsa yana cewa ba su da ikon tsayar da mota. Abin da yake nunawa shi ne inda riƙewa ta wuce bincike ta zama mallaka, da inda aka yanke hukunci a bakin titi ba tare da an saurari mai kaya ba. Jawabin gwamna a gaban taro ba doka ba ce. Takardar umarni daga ofishi, irin wadda kwastan suka fitar a Nuwamban 2019 ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ko matakan da jihohin Zamfara da Katsina suka ɗauka a 2021 na hana sayar da fetur a jarka, dole kowanne ya nuna dokar da ya jingina da ita. Wani yana da ita, wani ba shi da ita, kuma lauya ba ya yanke hukunci sai ya duba. Akwai ma wani wuri da ba kowa ke leƙawa ba: a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, lamba ta 62 ta ƙunshi ciniki tsakanin jiha da jiha, da ƙayyade farashin kayan da majalisar ta ayyana a matsayin na masarufi. Duk jihar da ta tare motar Zuru don kawai ta ratso ƙasarta da abinci, wannan lambar na jiranta a kotu.

Dattawan kasuwa ba su saba da irin wannan magana ba, kuma akwai dalili. Sun ga 1984, lokacin da sojoji ke fasa sito su sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane na bin layin madara da sukari da sabulu. A zamanin soja dokar soja ce a sama. Ko a 1970, da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lakanmi cewa ƙwace masa dukiya da aka yi ya saɓa wa tsarin mulki, cikin makonni gwamnati ta fito da wata doka ta rushe hukuncin. Wanda ya tashi a haka, in ka ce masa ya kai hukuma ƙara, kallon mara hankali zai yi maka. Wani ɓangare na aikin lauya shi ne ya fahimtar da Alhaji cewa yau tsarin mulki ne a sama da gwamna, kuma ko a ƙarƙashin soja, a 1986, Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas saboda fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana na gaban kotu.

Tambayar su wa suka kama ita ke nuna ƙofar da za a shiga. Idan kwastan ne, sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya hurumin, sai a ɗauki hanyar Birnin Kebbi. Idan wata hukumar jiha ce ko kwamitin kar-ta-kwana, Babbar Kotun Jiha ce, kuma ta jihar da abin ya faru. Kuskuren ƙofa ya kashe ƙararrakin da gaskiyarsu ke fili. Sarkin Muri Umaru Abba Tukur ya yi shari'a har Kotun Ƙoli a kan tuɓe shi da gwamnatin Gongola ta yi, a 1989 aka ce masa Kotun Tarayya da ya fara zuwa ba ta da hurumin ainihin maganar. In sarki ya yi asarar shekaru a kan haka, falke mai buhu ɗari uku fa?

Sai lokaci, wanda shi ne babban abokin gaba. Tsohuwar dokar kwastan ta ba mai kaya wata ɗaya daga ranar sanarwar kamu ya rubuta cewa kayansa ne kuma bai yarda da ƙwacewa ba. In ya rubuta, hukuma ce za ta je kotu ta nemi a mallaka mata. In ya yi shiru har watan ya cika, an ɗauka kaya sun zama na gwamnati ke nan. An maye gurbin dokar da sabuwa a 2023, shi ya sa gwani, kafin ya taɓa komai, yake buɗe sabuwar ya ƙirga kwanaki daga ranar da ke jikin takarda. Ga kuma dokar kare jami'an gwamnati da ta ce ƙarar da za a shigar a kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa kada ta wuce wata uku. Yawancin fatake a nan suke faɗuwa. Mutum zai yi wata biyu yana bin ƙafa, yau an ce Oga ya tafi Abuja, gobe wani ɗan kamasho ya ce a kawo wani abu za a saki mota da daddare, sai ya zo wurin lauya bayan ƙofa ta kusa rufewa. Lauyan kirki ba ya hana shi bin ƙafa ta hanyar da ta dace, ta shugabannin kasuwa ko ƙungiyar direbobi ko fada. Abin da yake cewa shi ne, "Alhaji, ka ci gaba da zuwa, amma yau ɗin nan takardarmu za ta shiga, a buga mana hatimi a kan kwafi." Idan kuma wa'adin ya riga ya kuɓuce, yakan duba ko maganar za ta shiga ta ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda ba su da wa'adi kuma da takardar rantsuwa ake yin su ba sai an jera shaidu ba. Ya san dai alƙali ba zai karɓa ba sai in tauye haƙƙin ne ainihin ƙarar.

Kuma duk wannan ana yi ne hatsi na zaune a fili. Wake ba ya wata biyu a rufe cikin zafi ba magani ƙwari ba su huda shi ba. Masarar da ruwan farko ya taɓa ta yi funfuna, ta tashi daga abinci. Mai mota na ƙirga kuɗin kwanakin da motarsa ta yi a tsaye. Wani lokaci ma kafin a zauna kotu an yi gwanjon kaya ko an rabar. Kowa ya ji yadda kwastan suka sayar da shinkafar da suka kama a Yaba ta Legas a Fabrairun 2024, har aka rasa rayuka a turmutsitsi. Don haka roƙon farko da gwani ke kai wa alƙali ba na a ba shi gaskiya ba ne. Na a tsayar da komai ne: kada a sayar, kada a raba, kada a taɓa. Sannan ya nemi a ba da kayan beli bisa tsayayyen mai tsayawa, in kuma hakan ya faskara, a sayar a farashin kasuwa a gaban ɓangarorin biyu a ajiye kuɗin a hannun kotu. Falke da yawa ba sa son jin a sayar. Sai lauya ya zaunar da shi ya nuna masa cewa kuɗi a ajiye sun fi buhun da zai dawo gari.

Inda na fi jinjina wa waɗannan mutane shi ne wajen haɗa shaida, domin kasuwar ƙauye ba ta san rasit ba. An sayi buhu biyar wurin wannan, goma wurin wancan, an biya hannu da hannu, amana ce takardar. Ga shi kuma dokokin kwastan tun na da sun ɗora wa mai kaya nauyin nuna inda kayansa suka fito. Lauyan da ya zauna a ofis yana jiran a kawo masa takardu ba zai sami komai ba. Gwani kan tashi ya je kasuwar da kansa. Zai nemi littafin dillali, wanda wataƙila da ajami aka rubuta shi ko da 'yan zane-zane, ya sa a fassara a rantse a kai. Zai karɓi tikitin harajin ƙaramar hukuma da aka yanka ranar lodi, da takardar lodin da 'yan ƙungiya suka ba direba a tasha, da shaidar kuɗin da aka tura ta waya, mai ɗauke da rana da sa'a. Zai sami sarkin kasuwa da shugaban 'yan dako su faɗi abin da suka gani. Zai tambayi direba a wane gefen titi aka tsayar da shi, motar kuma ina ta fuskanta, domin Zuru tana kudu maso gabashin Kebbi, nesa da Kamba da Lolo da sauran mashigan iyaka, kuma motar da aka tare ta doshi Kontagora ba za a ce Nijar ta nufa ba. In shinkafa ce, sai ya nemo takardar injin da ya casa ta, tunda Kebbi na da manyan injuna a Argungu da Birnin Kebbi, kuma zargin da aka saba yi shi ne 'yar waje ce aka sauya wa buhu. Da waɗannan gutsattsarin yake gina labari guda da lauyan gwamnati zai yi ta dubawa bai sami inda zai sa yatsa ba. Sau da yawa ma ba a kai ga zaman kotu: wasiƙa mai ladabi, wadda ta jera rana da lamba da sashen doka, kan sa sashen shari'a na hukumar ya ba da shawarar a saki kaya.

Wasu ƙasashe sun rubuta duk matakan nan a doka guda. A Indiya, dokar kayan masarufi ta 1955 ta ba babban jami'in gunduma ikon ƙwace hatsi da motar da ta ɗauko shi, amma sai ya ba mai kaya sanarwa a rubuce da dalilai, ya saurare shi, kuma mai kaya na da wata ɗaya ya ɗaukaka ƙara. In ya yi nasara aka tarar an riga an sayar, sai a biya shi kuɗin. Namu a warwatse suke, wani a tsarin mulki, wani a dokar kwastan, wani a hukunce-hukuncen kotu, lauya ne ke tattaro su. Ina ganin lokaci ya yi da majalisa za ta yi mana irin wannan tsari a wuri ɗaya.

Kada a ɗauka duk wanda aka kama mai gaskiya ne. Akwai 'yan fasa-ƙwauri, akwai masu danne abinci suna jiran talaka ya galabaita, kuma mutanen Danko-Wasagu da Sakaba, da suka sha wuyar 'yan bindiga, sun san akwai masu kai wa daji mai da abinci. Jami'in da ya tare irin waɗannan ya yi aikinsa. Lauyan da nake yabo shi ne wanda in ya ga takardun ƙarya zai ce, "Alhaji, wannan ba zan kai ta gaban alƙali ba," ya gaya masa abin da doka ta tanada, ya nema masa sassaucin da ya halatta. Malaman fiƙihu ma da suka yi magana a kan mai ɓoye abinci lokacin yunwa sun ba shugaba ikon tilasta masa ya fito da shi ya sayar, amma kuɗin nasa ne.

Samun hukunci kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba. In diyya kotu ta yanke, akwai dokar da ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, abin da kan ja watanni ko shekaru. Shi ya sa gwani ya fi son a ce a saki kaya da a ce a biya. Ranar sakin ma ba ya aika yaro. Da kansa yake zuwa da sikeli da 'yan dako da mai ɗaukar hoto, a sauke buhu ɗaya bayan ɗaya, a soka a duba, a ware mai kyau da wanda ya lalace, a gwada da adadin da aka rubuta ranar kamu. Za a miƙo masa takarda a ce ya sa hannu an karɓi kaya cif-cif. Sai ya fara rubuta buhu nawa suka ɓace, nawa ƙwari suka ci, kwana nawa mota ta yi a tsaye, ya nemi jami'in da ke wurin shi ma ya sa nasa hannun a ƙasa, domin da wannan takardar zai koma kotu neman cikon abin da ya salwanta.